Tafiya da jakar hannu kaɗai a jirgin sama: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Mai tafiya da jakar hannu kaɗai ya huta da layin awon kaya, ya huta da jiran akwati bayan sauka, ba ya kuma fargabar ya isa Jidda kayansa su kwana a Alƙahira. Amma wannan sauƙin yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu shan wahala a bakin ƙofar jirgi tun daga gida suka yi kuskuren.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa duk jakar da zik ɗinta ya rufe ta cika ƙa'ida. Kamfanonin jirage suna duba abu biyu, girma da nauyi, kuma nauyin ne ya fi kama mutane. A kujerun gama-gari, Emirates da Qatar Airways da Ethiopian Airlines kilo 7 suke yarda da shi, Turkish Airlines da Lufthansa kuma kilo 8. Girman da aka fi samu bai wuce santimita 55 a tsayi, 40 a faɗi, da 20 zuwa 23 a kauri ba, kuma har da tayoyi da mariƙi ake aunawa. Mai sayar da akwati a kasuwa zai rantse maka cewa na shiga jirgi ne, sai dai ba shi zai tsaya gaban ma'aikaci ba. Ka sa tef ka auna da kanka, daga ƙasan taya zuwa saman mariƙi.

Sai nauyin akwatin shi kansa. Akwati mai taya yakan kai kilo 3 babu komai a ciki, wato kusan rabin rabonka ya tafi tun ba ka sa ko singileti ba. Jakar goyo mai laushi takan tsaya wajen kilo 1. Idan kilo 7 aka ba ka, kuma da kwamfuta da cajarta za ka tafi, waɗanda su ma za su ci kusan kilo 2, jakar goyo ta fi. Ka sayi ƙaramin sikelin rataya, ka auna bayan ka gama haɗa kaya, ka bar rarar rabin kilo domin sikeli da sikeli kan saɓa.

Wani kuskuren shi ne duba dokar jirgin farko kawai. Wanda zai tashi daga Kano ya sauya jirgi a Istambul, sannan ya shiga jirgi mai araha a Turai, dokar wanda ya fi tsanani ita ce dokarsa. Ryanair da Wizz Air ƙaramar jaka mai shiga ƙarƙashin kujera kawai suke bari kyauta, mai taya kuwa sai an biya, kuma kuɗinta a bakin ƙofa ya fi na intanet tsada nesa ba kusa ba.

Kan abin da yake ruwa-ruwa ne aka fi asarar kaya masu daraja. Tun 2006 aka kafa dokar, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari kan jirage a Birtaniya: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, dukkansu kuma su shiga leda ɗaya mai nuna abin da ke cikinta, mai zik, wadda ba ta wuce lita 1 ba. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 150 da ta rage kwata za a karɓe ta, roƙo ba ya ceto. Kuma a wurin masu bincike, ruwa ba abin sha kawai ba ne. Humra, man shafawa, man goge baki, zuma, man shanu, duk abin da za a iya zubawa ko a shafa yana cikin lissafi. Gyaran shi ne a juye a ƙananan kwalabe, ko a koma ga busassu: sabulu na dunƙule, asuwaki, turaren wuta. Abincin jariri da maganin ruwa an yi musu sassauci, amma a fito da su a nuna tun kafin a tambaya. Wasu filayen jirgi masu sabbin na'urori sun sassauta dokar, sai dai filin da za ka dawo ta cikinsa ba lallai ya sassauta ba, don haka ka shirya kamar tana nan daram.

Masu umara su lura: ruwan Zamzam ba ya shiga jakar hannu. Jarkar lita 5 da aka liƙe ta hanyar awon kaya take bi. Haka turaren da aka saya a shagunan cikin filin jirgi, idan akwai sauyin jirgi a gaba, a bar shi cikin ledarsa a liƙe tare da rasit. Da zarar an buɗe, ya koma ƙarƙashin dokar mililita 100.

Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka shi kuma dokarsa akasin haka take: dole ya kasance tare da kai, ba a yarda ya shiga ɗakin kaya na ƙasan jirgi ba, saboda batirin litiyom kan kama da wuta, kuma a cikin fasinjoji ne ake iya gani a kashe da wuri. Iyakarsa 100Wh (Wh shi ne ma'aunin ƙarfin batir) ba tare da neman izini ba. Daga nan zuwa 160 sai kamfani ya amince, abin da ya haura haka ba ya shiga ko kaɗan. Lissafin ba wuya: ka ninka adadin mAh da ke rubuce a jikin batirin da 3.7, ka raba da 1,000, sai ka sami Wh ɗinsa. Mai 20,000 ya zama 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya zama 111, ya tsallake iyaka. Wanda rubutun jikinsa ya goge ma ana iya karɓe shi, tunda ba a san ƙarfinsa ba.

Nan ne wani kuskuren yake ɓuya. Idan jirgi ya cika, ko ƙarami ne mai farfela wanda ma'ajiyar samansa ba ta da zurfi, ma'aikata kan karɓi jakunkuna a bakin ƙofa su sauke su ƙasa. Wanda ya cusa fasfo, kuɗi, magani da batir a cikin babbar jakar sai ya shiga tone-tone a tsakiyar layi. Ka ware su tun daga gida a ƙaramar jaka da za ka zare cikin daƙiƙa biyar.

Reza, aska, wuƙar yanka lemo da dogon almakashi ba sa wucewa. Ka saye su idan ka isa.

Tufafi kuwa, ciwon shi ne "ko da za a buƙata". Tafiyar mako guda kaya kala uku sun isa idan za a yi wanki sau ɗaya, kuma yadi mara nauyi ya fi shadda saurin bushewa. Babbar riga mai aiki, rigar sanyi da takalmi sau-ciki a sa su a jiki ranar tafiya, domin abin da ke jikinka ba a ɗora shi kan sikeli. Ledar da ake zuƙe wa iska tana rage girma ne kawai, nauyi yana nan, har ma takan ruɗi mutum ya ƙara kaya.

Guzuri da magani su ne suka fi jefa mutum cikin rigima da hukuma. Kilishi da dambun nama busassu ne, za su iya wuce na'urar bincike, amma Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar shiga da nama, Amurka ma tana ƙwacewa, har da tara ga wanda bai bayyana ba. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Saudiyya, Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kowane magani a bar shi cikin kwalinsa na asali, a haɗa da takardar likita mai ɗauke da sunan da ke kan fasfo, a ɗauki iya na kwanakin tafiya da ɗan ƙari saboda jinkirin jirgi. Ƙwayoyin da aka zube a leda ba suna, ko na hawan jini ne, suna iya sa a tsare mutum har jirginsa ya tashi.