Yadda za ka zauna da malamin da aka haɗa ka da shi a gwajin koyarwa

Ranar da na fara gwajin koyarwa, wato lokacin da kwaleji ke tura mai koyon aikin malanta wata makaranta ya gwada koyar da yara, shugaban makaranta ya kai ni ofishin malamai, ya nuna mini wata dattijuwa da ta duƙufa tana gyaran littattafan yara, ya ce, "Ga Malama nan, ita ke da lissafi a aji biyu, da ita za ka yi aiki." Ta amsa gaisuwata, ta ci gaba da aikinta. A raina na ce wannan ba ta maraba da ni. Sai da na yi kusan sati biyu kafin na gane abin da ke damunta. Yara 46 ne da ta sha wahala a kansu aka ɗauka aka damƙa wa wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ba. In sun faɗi jarrabawar ƙarshen zango ita za a tambaya, ni kuwa lokacin na koma kwaleji. Yanzu da ake kawo mini masu gwaji nakan ji irin wannan fargabar, don haka abin da nake fara gaya wa kowannensu shi ne aron aji aka ba shi, kuma mai abu yana kallo.

Idan an ba ka dama, kada ka karɓi alli a satin farko. Ka zauna a bayan aji da littafinka, kana kallo kana rubutawa. Da wace magana take buɗe darasi? In surutu ya tashi, murya take ɗagawa ko shiru take yi? Wa take kira idan tana son amsa daidai, wa kuma take kira don ta tashe shi daga barci? Ni na zana taswirar kujerun ajin, na riƙa cike sunaye duk lokacin da ta kira wani. Ranar da na fara koyarwa na kira yaro na bakwai da sunansa ba tare da na duba rajista ba, na hango ta ɗaga kai daga bayan aji. Daga ranar ta fara yi mini magana mai tsawo.

A cikin wannan satin ne kuma za ka nemi minti 15 a wurinta ku zauna. Ka tambaye ta inda ta tsaya a manhaja, da inda take son a kai kafin ka tafi, da littafin da take aiki da shi, da yadda take ba da maki a gwajin aji. Sai abubuwa uku da mutane ke jin nauyin tambaya, alhali su ne ke haddasa saɓani daga baya: yaushe take son ganin shirin darasinka, me za ta yi in ka yi kuskure a gaban yara, kuma wane horo ne aka yarda ka yi, wane ne sai an kai mata. Malama ta ce in kawo shirin darasi kwana biyu kafin ranar, don in ta ga gyara in sami lokacin sakewa. Batun kuskure kuwa muka yi yarjejeniya cewa in ta ga na kauce, za ta ajiye biro a kan tebur da ɗan ƙarfi, ni kuma in sake duba allo. Sau biyu na ji ƙarar biron nan, sau biyu na gyara da kaina, yaran ba su san an yi komai ba.

Inda masu gwaji suka fi yin asara shi ne bayan an tashi daga darasi. Za ka bi ta a baya ka ce, "Malama, yaya kika gani?" Ita kuma tana da aji na gaba, kuma ba ta son karya maka gwiwa, sai ta ce, "Ka yi ƙoƙari." Ka tafi da murna, ba ka ƙaru da komai ba. Abin yi shi ne tun kafin ku shiga ka ba ta abu ɗaya tak da za ta lura maka da shi. Yau ki duba mini yadda nake tsara rubutu a allo. Gobe ki ƙirga mini yara nawa ne suka yi magana. Na taɓa roƙonta ta lura da tambayoyina, da muka fito ta ce, "Ka yi tambaya 14, tara daga ciki kai ka amsa wa kanka. Kana tsoron shiru ne." Gaskiya ta faɗa. Da zarar na yi tambaya aka yi tsit, sai in ji kamar darasin ya rushe, in yi maza in cike gurbin. Ta ce in riƙa ƙirga uku a zuci kafin in kira wani. Daga baya na karanta cewa wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna tun 1972 cewa yawancin malamai ba sa jiran abin da ya wuce daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka ja jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. A ajinmu wata yarinya da ke zama kusa da taga, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ita ta fara ɗaga hannu a satin.

In tana yi maka gyara, ka riƙe biro ka rubuta, ka haɗiye "ai dalilin da ya sa". Duk wanda aka kare kai a gabansa sau biyu, a na uku zai koma ga "ka yi ƙoƙari". A darasi na gaba ka gwada abin da ta ce, sannan ka koma ka gaya mata yadda ta kaya, ko da bai yi ba.

Za a zo wurin da abin da aka koya maka a kwaleji zai saɓa da nata. Ni an cusa mana aikin rukuni, ita kuwa ta ce ajin ya yi cunkoso, benci ba ya juyuwa. Ban ce mata salonta ya tsufa ba, kuma ban shirya abina a ɓoye ba. Na ce, "Malama, ki ba ni darasi ɗaya in gwada, in ya lalace ki gaya mini dalili." Na raba wa yara takardu su naɗe biyu, su naɗe huɗu, su ga da idonsu cewa 2/4 da 1/2 abu ɗaya ne. Sun gane, amma minti 12 cikin 40 sun tafi wajen raba rukuni da kashe surutu. Ta ce in bar kowane benci ya zama rukuni, kada wanda ya tashi daga wurinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da na yi hakan, minti biyu ya ishe ni.

Wata rana yara za su ce maka, "Malam, mun fi gane naka." Zai yi maka daɗi, amma ka yanke maganar nan take, ka ce abin da suke ganewa a kan tubalin da ta aza ne. Irin wannan magana ba ta kwana ba ta isa kunnenta ba. Haka hirar ofishin malamai: in ana zancenta, ka sami abin gyarawa a littattafanka.

Ba kowa ke dace da irin Malama ba. Wani zai miƙa maka alli ranar farko ya ɓace, har da azuzuwan da ba naka ba. Ka same shi cikin ladabi da roƙo ƙarami wanda zai yi wuya ya ƙi, kamar ya zauna maka a darasi ɗaya a sati, ya kuma sa hannu a shirin darasinka. In ya faskara, ka nemi wani malami a sashen ya riƙa leƙo ka, ka kuma sanar da malaminka na kwaleji da wuri, kada ka bari sai ranar da ya zo duba ka. In kuwa abin ya kai ga wulaƙanci a gaban yara, ko neman abin da bai dace ba da sunan maki, wannan ba wurin haƙuri ba ne. Ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kai wa mai kula da gwajin a kwalejinku.

Idan ranar tafiya ta matso, ka mayar da ajin a tsare. Ka gama gyaran duk littafin da ke hannunka, ka shigar da maki, ka rubuta mata shafi ɗaya: inda ka tsaya a manhaja, batun da yara ba su kama sosai ba, da sunayen waɗanda ke bukatar a ƙara jan su. A nawa shafin na sa sunaye biyar. Ta karanta, ta ɗauki biro ta ƙara na shida, wani yaro a bencin gaba da yake kwafar aikin maƙwabcinsa tun farkon zango, ni kuma ina ta ba shi maki.