Yadda ake bibiyar ƙwarin da ke yaɗa zazzaɓin taifus na jeji

Taifus na jeji, wanda ba shi da alaƙa da taifod, ƙwayar cutar Orientia ce ke haddasa shi, kuma 'ya'yan wani ƙwaro ɗan mitsitsi dangin kaska ne ke sa wa mutum ita idan suka cije shi. An fi sanin cutar a Asiya, daga Japan zuwa Indiya har arewacin Ostareliya, amma tun da aka gano dangin ƙwayar a jikin irin waɗannan ƙwari a Kenya, ya dace ma'aikatan lafiya da na dabbobi a Jos su san yadda ake neman su.

A jikin ɓera ake fara nema, domin a kansa 'ya'yan suke ci. A ɗana tarkon da ke kama ɓera da rai da yamma, a bakin gonakin dankali da kayan lambu, da gindin duwatsu inda ciyawa ta yi duhu, a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a ciki, sannan a kwashe da sassafe. Dole ne ɓeran ya kasance da rai, saboda da zarar gawa ta huce ƙwarin sukan watse.

A nan ne nake roƙon a yi hattara matuƙa. Ɓeran gona na iya ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ya kashe ma'aikatan asibiti a Jos a 1970, don haka kada kowa ya taɓa tarko ba tare da safar hannu da takunkumi da tabarau da rigar kariya ba, kuma a bar sumar da ɓeran ga wanda aka horar.

Sai a buɗe kunnen ɓeran a duba da madubin ƙara girma. Za a ga 'ya'yan sun taru cunkus a cikin kunnen, ja-ja ko ruwan lemo, kowanne bai kai rabin milimita ba, mai ƙafa 6. A duba gindin wutsiya da matsematsi ma. A ɗebe su da siririn hantsaki a zuba a kwalbar sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70, kowane ɓera da kwalbarsa, a rubuta rana da wuri da irin ɓeran. Masu jiran abin cizo a ƙasa kuwa, baƙin faranti ake ajiye musu cikin ciyawa na 'yan mintoci, su hau, a tsince su.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba yawan ƙwarin da yawan ɓerayen da aka duba, a maimaita a wuri ɗaya kowane wata, damina da rani, domin a ga lokacin da suke ƙaruwa. Ganin ƙwaron kaɗai ba ya nufin akwai cuta, sai gwajin PCR, wato gwajin ɗakin bincike da ke gano ƙwayar cutar a jikin ƙwaron, ya tabbatar, saboda haka a tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) a Abuja tun kafin a fita daji.

Duk ma'aikacin da zazzaɓi ya kama cikin mako 1 zuwa 3 bayan aikin, musamman idan ya ga baƙin ɓawon miki a hammata ko ƙugu, ya je asibiti nan da nan ya faɗa wa likita aikin da ya yi.