Wari a kejin macijin boa: raba shi da kejin tukuna

Kafin ka kashe kuɗi wajen likita, fitar da macijin (boa babban maciji ne marar dafi) ka sa shi a roba mai tsabta da murfi mai huji, na awa ɗaya. Sai ka shinshina kowanne daban.

In keji ne ke wari, ɗaga kwanon ruwa da maɓoyarsa, ka tona shimfiɗar. Galibi ɓeran da macijin ya ci ne ya amayar, ko kashi ya jiƙe a ƙasa. Sanyi ke kawo aman, ko ɗaukarsa kafin awa 48 bayan ya ci. Ya kamata ɓangaren kejin da ake ɗumamawa ya kai digiri 30 zuwa 32 na Celsius. In amai ne, kada ka ciyar da shi sai bayan mako 2, ka ba shi ƙaramin ɓera.

Amma in warin daga bakin macijin ne, ko ka ga jan tabo a fatar cikinsa, wanke keji ba zai yi ba. Kai shi wajen likitan dabbobi.