Kurakuran da aka fi yi wajen saka wa kwale-kwalen roba matoshin fitar da ruwa

Ƙaramin kwale-kwalen roba da ba shi da kafar fitar da ruwa yana wahalar da mai shi. A yi ruwan dare, da safe sai an nemo wani ya taya ka kifar da shi, ko ka yi ta kwarfa da gwangwani. Shi ya sa ake huda shi a saka matoshi. Aikin kamar na awa guda ne, amma idan aka ɓata shi, jirgin da ba ya yoyo sai ya fara.

Babban kuskure shi ne dogara da gam. Yawancin waɗannan jirage da robar foliyetilin ake yin su, dangin robar tankin ruwa na gida, mai santsi kamar an shafa mata kaki. Silikon ba ya kama ta, gam mai haɗi biyu ma haka. A gwajina na farko na lafta silikon a bakin kafar, ya bushe tsaf, bayan mako biyu na sa farce na ɓare shi gaba ɗaya kamar ɓawon albasa. Matsewa ce ke tare ruwa: gaskit, wato zoben roba, a ƙarƙashin bakin matoshin, noti daga ciki yana janyo shi. Wanda ya taɓa ganin mai aikin famfo yana ɗaura wa tanki kan famfo ya san dabarar. Silikon, in za a sa, ɗan cike gurbi ne kawai.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaure bakin matoshin da sukuru mai tsini irin na katako. Kaurin jikin jirgin sau da yawa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba, zare biyu ko uku kaɗai zai kama, kana buɗewa kana rufewa sai ya kwance. A yi amfani da ƙusa mai zare wadda za ta ratsa, a sa washa mai faɗi da noti ta ciki, duka na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ga ruwan gishiri a nemi mai lamba 316. Ni nakan yanko ɗan allon roba da ake yanka nama a kai, in ɗora ta ciki ya zama majingini. Inda hannu ba ya kaiwa, akwai notin roba mai kumbura idan an ɗaure shi.

Kada kuma a ɗaure da ƙarfin tsiya. Roba tana lotsewa, gaskit ya fito gefe, ruwa ya samu hanya. Da ya zauna daidai, a ajiye sifana.

Wurin huda ma ana yawan kuskure shi. Ka zuba bokitin ruwa a ciki, ka ɗaga jirgin yadda ka saba ɗaga shi, ka ga inda ruwan ke taruwa. A nemi wuri mai shimfiɗa, don bakin matoshi ba ya zama a kan lanƙwasa. A siririn jirgi mara nauyi gara a saka shi a saman ƙarshen baya, inda ruwan kogi ba ya kaiwa, sai a tayar da jirgin tsaye in za a zubar. Ƙasan da ke gogar yashi da duwatsu, a bar shi. Idan jirgin mai bango biyu ne, a tabbatar da abin da ke tsakani kafin a taɓa.

Wajen hudar, a fara da ƙaramin bakin injin huda, a tafi a hankali. Gudu yana narkar da roba. A auna jikin matoshin, a kankare gefen kafar da wuƙa. Kafar da ta yi faɗi ko ta faɗa inda bai dace ba, walda ce maganinta: iska mai zafi da yankin roba iri ɗaya, galibi mai lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku da ake bugawa a jikin kayan roba.

Kafin a shiga ruwa, a gwada a tudu: a rufe, a zuba ruwa ya rufe matoshin, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, a dawo bayan awa ɗaya. Sannan a ɗaure matoshin da igiya a jikin jirgin, domin mantawa da shi a aljihu ya fi kowane yoyo haɗari, kuma a riƙa taɓa shi da hannu duk lokacin da za a tura jirgin ruwa.