Yadda za ka tayar da wata manhaja daga Python, ka kuma riƙe linzaminta

A ce kana da shago a Nima, kana so Python ta riƙa sa ffmpeg, wato manhajar sarrafa bidiyo, ya rage nauyin bidiyon biki da na suna. Idan jira kawai za ka yi, subprocess.run, umarnin Python mai tayar da manhaja ya jira ta gama, ya wadatar. Tun Python 3.5 yake nan. Idan kuwa kana son sa ido a kan aikin, subprocess.Popen za ka ɗauka, shi yana tayar da aikin ba tare da ya jira ba.

Ka miƙa umarnin a jere, kalma-kalma. Ka guji shell=True, wanda ke miƙa umarnin ga shell, mai fassara umarnin kwamfuta, domin sunan fayil ɗaya mai alamar waƙafi da ɗigo zai iya shigo da umarnin da ba naka ba.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe, ɗan'uwa. Ka tura stderr, inda ffmpeg ke zuba saƙonninsa, cikin PIPE, wato bututun da ke kawo su ga Python, ka zauna kana wait, wato jiran ya gama, shiru. A Linux bututun kilobayit 64 yake ɗauka, ffmpeg kuma bakinsa ba ya hutawa. Da bututun ya cika sai ffmpeg ya tsaya yana jiran ka kwashe, kai kuma kana jiran ya gama. Maganinsa communicate, mai kwashe bututun yayin da yake jira, ko ka juya bayanan cikin fayil.

Don duba ko aikin ya gama, kira poll: yana ba ka None, wato ba komai, muddin aikin na tafiya. In ya ba ka 0, aikin ya gama lafiya lau ke nan.

Wa'adin timeout a communicate ba ya kashe aikin. In wa'adin ya cika, fara da terminate, wato neman ya tsaya, ka ba shi daƙiƙa 5 ya rufe fayil ɗinsa. In ya ƙi, sai kill, wato kashe shi da ƙarfi, sannan wait, don kada gawarsa ta maƙale a jerin ayyukan kwamfuta. In wait ya ba ka lambar -9, tana nufin SIGKILL, siginar da kill ke aikawa, ce ta kashe shi.