Yadda Ake Tara Tsofaffin Filen na Stanley da Gane Shekarun da Aka Ƙera Su

Duk kafintan da ya daɗe a sana'a ya san filen ɗin Stanley, abin goge katako mai jikin ƙarfe da mariƙi biyu, wanda ake tura shi a kan katako yana fitar da ɓawo a nannaɗe. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ke kwance a ƙasan akwatin kayan aiki cikin tsatsa yana iya girme wa kakan mai shi. Kamfanin bai taɓa buga shekarar ƙira a jikin filen ba, amma ya riƙa sauya ƙananan abubuwa lokaci bayan lokaci, kuma da waɗannan sauye-sauyen ake gane zamanin kowane ɗaya.

Asalin kamfanin a garin New Britain yake, a jihar Connecticut ta Amurka. Frederick Stanley ya fara ƙera sakatar ƙofa da makamantansu a 1843, sana'ar da ta zama kamfanin Stanley Works, sannan a 1857 aka kafa Stanley Rule and Level Company mai yin ma'aunai da kayan kafinta. A 1869 wannan kamfani ya sayi haƙƙin ƙirar wani mutum mai suna Leonard Bailey, kuma daga nan filen ɗin ƙarfe da muka sani ya samo siffarsa. Shi ya sa za ka ga an rubuta BAILEY a jikin da yawa daga cikinsu. Kamfanonin biyu sun haɗe a 1920.

Mataki na farko: zaɓi abin da za ka tara

Stanley ya yi ɗaruruwan nau'o'in kayan aiki, wanda ya ce zai tara duka aljihunsa ne zai fara gajiya. Shawarata ka fara da filen na kan benci, masu lamba 1 zuwa 8. Lamba 4 tsawonsa kusan inci 9 ne, shi ne na ƙarasa gogewa, kuma shi ya fi yawa a hannun mutane. Lamba 5 inci 14 ne, na aikin yau da kullum. Lamba 7 inci 22, lamba 8 inci 24, su ne na daidaita gefen dogon katako. Lamba 1 ɗan mitsitsi ne da bai kai inci 6 ba, samunsa da wuya, kuma saboda tsadarsa an yi jabunsa da yawa. Ka fara da lamba 4 ko 5, domin a kansu idonka zai saba.

Mataki na biyu: inda ake nema

Wajen tsofaffin kafintoci da iyalan waɗanda suka rasu ne ake samun mafi kyau, domin kayan da aka yi aiki da su ana shafa musu mai sun fi waɗanda aka yasar lafiya. Bayan su sai 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, da kasuwannin da tsohon ƙarfe ke taruwa irin su Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai. Masu shigo da kayan gwanjo daga Turai da Amurka ma wani lokaci akwatin kayan aiki kan faɗo cikin kayansu.

Idan dattijo ne zai sayar maka, ka tambaye shi: "Baba, a ina ka same shi, wa ya riƙe shi kafin kai?" Ka rubuta abin da ya faɗa. Kuma ka biya shi farashin da zuciyarka ta san ya dace, ko da bai san darajar abin ba.

Mataki na uku: duba lafiyarsa kafin ka biya

Jikin filen ƙarfen zubi ne, idan ya faɗi a kan siminti tsagewa yake yi. Ka ɗaga shi a rana ka duba gefe biyu da kewayen bakin da wuƙa ke leƙowa. In ka ga tsaga ko tabon walda, ka bar shi, sai dai in don sassansa kake so. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ta ci ƙarfe ta bar ramuka a kusa da baki matsala ce. Mariƙin baya yakan karye, ana iya liƙa shi. Sukurori kuwa ka tabbatar sun cika, domin zaren sukurorin Stanley ba irin na kasuwa ba ne, idan ɗaya ya ɓace ba za ka samu madadinsa a shagon kusoshi ba, kuma in ka tilasta wani a ramin ka lalata zaren.

Mataki na huɗu: a wace ƙasa aka yi shi

Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. A 1937 Stanley ya sayi kamfanin J. A. Chapman da ke Sheffield a Ingila, ya fara ƙera filen a can. Saboda tsohuwar alaƙar ciniki tsakanin Najeriya da Ghana da Birtaniya, da yawan waɗanda za ka ci karo da su a nan an rubuta musu MADE IN ENGLAND. Duk wanda ke ɗauke da wannan rubutu bai girmi 1937 ba, komai tsufan da ya nuna.

Jadawalin da masu tara filen ke amfani da shi a duniya, wanda wani mai bincike Roger K. Smith ya tsara ya kasa su gida 20 bisa zamanin ƙirarsu, na filen ɗin Amurka ne kaɗai. Idan ka ɗora shi a kan na Ingila za ka samu shekarar da ba ta da tushe. Na Ingila sai dai a yi musu ƙiyasi mai faɗi: masu mariƙin katako sun girmi masu mariƙin roba, kuma na farko-farko sun fi tsabtar aiki a inda mazaunin wuƙa, wato ƙarfen da wuƙa ke jingine a kansa, ke haɗuwa da jiki. A ganina babu dalilin raina su. Filen ɗin Sheffield mai mariƙin katako, in aka wasa wuƙarsa da kyau, yana aikin da sababbin na kasuwa ba sa kamo ƙafarsa.

Idan ka ga mai shuɗin fenti da lamba 04 ko 05, duba da kyau, wataƙila Record ne, na kamfanin C. & J. Hampton na Sheffield, wanda ya fara yin filen a 1931. Akwai kuma masu kama da Stanley da aka yi a Indiya, irin su Anant, da na Sin.

Mataki na biyar: karanta jikin filen ɗin Amurka

Wannan shi ne zuciyar aikin, don haka ka natsu a kansa. Ka cire murfin da ke danne wuƙa da ita wuƙar, ka goge ƙurar da ke tsakanin mazaunin wuƙa da mariƙin baya da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir. A wannan fili ake samun kwanakin rajistar ƙira a rubuce cikin ƙarfen. Amurkawa wata suke fara rubutawa, sai rana, sai shekara, saboda haka MAR-25-02 na nufin 25 ga Maris 1902. Ka tuna ranar rajista ce, ba ranar da aka ƙera wannan filen ba. Abin da take gaya maka kawai shi ne an yi shi bayan wannan rana.

Ƙirga kwanakin. Idan biyu ne, MAR-25-02 da AUG-19-02, filen ɗin na tsakanin 1902 da 1909 ne. Ka leƙa bayan mazaunin wuƙa, ƙarƙashin notin tagulla da ake murzawa don fito da wuƙa ko janye ta: in akwai wani sukuru da ke tura mazaunin gaba ko baya, to na 1907 zuwa 1909 ne, in babu, na kafin nan ne.

Idan kwanakin uku ne, an ƙara APR-19-10, kana tsakanin 1910 da 1924. A nan mariƙin gaba zai raba maka gardama. Gajere mai faɗin kai na 1910 zuwa 1918 ne, shi ne gida na 11 a jadawali, wanda masu aiki da filen da yawa ke ɗauka a matsayin mafi inganci. Dogon mariƙi tare da notin tagulla mai girma na 1919 zuwa 1924 ne.

Idan kwana ɗaya ne tak, APR-19-10, to 1925 zuwa 1930. Duba gindin mariƙin gaba: in ƙarfen ya yi zobe ya kewaye shi, na 1929 zuwa 1930 ne. An ƙara wannan zoben ne domin dogon mariƙin yana yawan tsagewa daga gindi.

Idan babu kwana ko ɗaya, abu biyu ne: ko dai tsoho ne ƙwarai, ko kuma na 1931 zuwa sama. Rubutun MADE IN U.S.A. da zoben gindin mariƙi suna nuna na baya ne. Tsohon kuwa ba shi da BAILEY a jikin ƙarfensa, domin sai a 1902 aka fara zuba sunan a can. Kuma in ka samu wanda ba shi da ɗan dogon ƙarfen nan da ke karkata wuƙa hagu ko dama, ba wai karyewa ya yi ba, asali ba a yi masa gurbi ba, to ka riƙe shi da kyau, domin a 1885 aka fara sa wannan ƙarfen.

Ga na bayan 1931, murfin wuƙa ne ke magana. Ramin da sukuru ke shiga a da siffar ramin makulli gare shi, daga 1933 aka mayar da shi lanƙwasasshe mai siffar ƙoda. Na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1942 zuwa 1945, suna da sauƙin ganewa, domin an karkatar da tagulla zuwa kayan yaƙi: notin ya koma na ƙarfe ko na baƙar roba mai tauri, mariƙi ya koma na katakon da aka rina, jikin kuma yakan fi kauri da nauyi. Na 1946 zuwa 1947 notin tagulla ya dawo, da zanen riƙo a karkace. Daga 1948 zuwa 1961 fentin baƙi ne har yanzu, sai a 1962 aka koma shuɗi, kuma daga nan inganci ya fara ja da baya.

Mataki na shida: tambarin wuƙa shaida ce, amma ba ita ke yanke hukunci ba

A saman wuƙa akwai tambarin kamfani. Wanda rubutunsa ya yi siffar V na shekarun 1910 ne. Wanda ke da zuciya da harufan S.W. a ciki na wajen 1920 zuwa 1935 ne, an sa zuciyar ne don karrama William Hart, wanda ya daɗe yana shugabantar Stanley Works. Masu tarawa suna son wannan tambari sosai, har wasu masu sayarwa sukan ɗora irin wannan wuƙa a kan jikin da ba nata ba.

Ko babu niyyar cuta ma, wuƙa abu ce mai ƙarewa. Kafinta yana wasa ta shekara da shekaru har ta gajarce, ya sayi wata. Murfi yakan ɓace a ɗauko na wani filen, mariƙi ya karye a sassaƙa sabo. Shi kansa kamfanin ba ya zubar da ragowar sassa idan ya sauya ƙira, yana ci gaba da haɗa su har su ƙare, don haka filen na iya fitowa daga masana'anta da alamomin zamani biyu. Tsarin da nake bi shi ne jiki da mazaunin wuƙa su ne gaba, domin su ne ba a cika rabawa ba, sai noti da murfi, sai mariƙi, wuƙa ce ta ƙarshe. Idan jiki ya ce 1925 wuƙa ta ce 1950, jikin za ka gaskata, ka rubuta cewa an sauya wuƙa. Jadawalin kuma a kan lamba 4 aka gina shi, sauran lambobin sukan ɗan saɓa.

Wasu ƙarin alamomi: tafin filen, wato ƙasansa mai taɓa katako, da ke da dogayen kwaruruka ya fara ne a 1898. Masu lamba 602 zuwa 608 su ne Bed Rock, jerin da ya fi Bailey tsada, an yi su daga 1898 zuwa farkon shekarun 1940, kuma suna da nasu jadawali dabam. Ƙaramin tambarin kibiya mai faɗin kai da aka buga a ƙarfe alama ce ta kayan gwamnatin Birtaniya, wani lokaci da shekara a gefensa. Harufan sunan mai shi ko na wata ma'aikata da aka buga a gefe, kada ka goge su.

Mataki na bakwai: wanke shi, kada ka mayar da shi sabo

Sai ka gama karanta shi ka ɗauki hotunansa sannan ka kwance shi. Jiƙa sukurori da kananzir su kwana, ka yi amfani da sukundireba da ta cika bakin sukurun. Tsatsa ka bi ta da buroshin waya mai laushi da mai. Kada ka kai shi wajen mai injin gurza ƙarfe, kada ka kankare baƙin fentin asali don ka fesa sabo, domin filen mai rabin fentinsa na asali ya fi wanda aka sake wa fenti daraja a wajen masu tarawa. Mariƙin tsofaffin na Amurka katako ne mai duhu ja-ja mai tsada, tsumma da ɗan mai sun ishe shi, sanfefa za ta cinye masa kyau.

Yanayinmu yana cin filen ta fuska biyu. Da damina ƙarfe ke tsatsa, da hunturu katako ke bushewa ya tsage. Ka shafa wa ƙarfen man keken ɗinki kaɗan, ka ajiye shi a akwatin katako nesa da ƙasa, ka ja wuƙar ciki don kada bakinta ya taɓa komai. Da hunturu mariƙi yakan yi sako-sako, ka ɗaure sukurun a hankali, in ka matse da ƙarfi katakon zai fashe.

A ƙarshe ka buɗe littafi, kowane filen da shafinsa: lambarsa, ƙasar da aka yi shi, kwanakin da ke jikinsa, siffar mariƙi da murfi, tambarin wuƙa, sassan da kake zargin an sauya, inda ka saye shi da abin da mai shi ya gaya maka. Shekarar kuma ka rubuta ta a matsayin tsakani, misali 1910 zuwa 1918, ka ɗaura wa filen ɗin 'yar takarda mai lambar shafin a mariƙin baya.