Yadda Gida Zai Shirya wa Ambaliyar Odaw Kafin Damina Ta Kankama

Wanda yake zaune a unguwannin Accra irin su Nima, Maamobi ko Alajo ya kamata ya fara da sanin hanyar ruwan da ke shigo masa ɗaki. Kogin Odaw yana tasowa ne daga tsaunukan Akwapim, ya haɗiye rafuffuka irin su na Nima da Onyasia, ya ratsa Circle (shataletalen Kwame Nkrumah), sannan ya zube a tafkin Korle. Da yake gine-gine da siminti sun rufe filayen da a da suke shanye ruwa, yashi da ledojin fiya wata kuma sun cushe magudanai, ruwan da ya sauka a arewacin Accra kan iso mana cikin gaggawa, ko da a unguwarmu yayyafi kawai aka yi. Abin da ya faru ranar 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle mutane kusan 150 suka rasu, ya isa ya hana mu sakaci.

Ƙasashe masu arziki ma ruwa yana cinsu. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe fiye da mutum 180 a Jamus. Bambancin shi ne, Holan da ta rasa mutum 1,836 a 1953 ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina madatsu, daga baya kuma ta koma faɗaɗa wa koguna wurin malala, Landan kuwa tana da shingen da ake ɗagawa a kogin Thames. Ba mu da irin wannan kuɗi a zango, amma abubuwa biyu da suke saya da shi, wato hanya ga ruwa da gargaɗi kan lokaci, muna iya samar da su daidai ƙarfinmu.

A fara da kwata tun watan Maris, kafin babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli. A nan ne na ga aikin gayya yana lalacewa: samari su yi gumi tun bayan asuba, su kwaso laka da leda su tara a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da komai inda ya fito. Saboda haka kada a ɗaga shebur sai an shirya keke mai ƙafa uku da zai kwashe sharar a ranar, an kuma tara kuɗinsa gida-gida. A duba ƙarƙashin kwalbati musamman, domin katifa ɗaya da ta maƙale a can tana iya mayar da ruwa cikin layi baki ɗaya. Ɗabi'ar zuba shara a kwata idan hadari ya haɗu kuwa, liman da sarkin zango ne suka fi dacewa su yi magana a kanta, gama shara ce da muke aika wa 'yan'uwanmu na gangare.

A cikin gida, a dubi shatin da ruwan bara ya bari a bango, a ɗaga soket da buhunan abinci sama da shi. Katin Ghana, katin inshorar lafiya, takardun makaranta da magungunan tsofaffi a ƙulle su cikin leda, a rataye kusa da ƙofa.

Sai gargaɗi. A riƙa sauraron sanarwar hukumar hasashen yanayi da ta NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, a kuma samu wani amintacce a unguwar da ruwa ke biyowa kafin ya iso gare ku wanda zai bugo waya idan ruwa ya taso wajensu. Tun kafin ranar a yanke shawarar inda za a nufa, ko masallaci mai bene ko gidan dangi a kan tudu, da wanda zai ɗauki kowane yaro da kowane tsoho. Idan ruwa ya fara shigowa, a kashe wuta daga mita, a fita tun yana idon sawu, kada kuma a ratsa ruwa mai gudu, domin yana ɓoye buɗaɗɗiyar kwata. Lambar gaggawa ita ce 112.

Bayan ruwa ya janye, a tafasa ruwan sha, a zubar da abincin da ya jiƙe, a bar mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin a kunna komai. Duk wanda ya fara amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti a ranar.